Abin da na koya a wajen tsofaffin mata cikin shekarun da na yi ina bincike

Duk wanda ya yi aikin lafiyar al'umma a Najeriya ya san babban binciken nan na ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu, wato NDHS, wanda kusan duk alƙaluman da muke taƙama da su kan lafiyar mata daga can suke fitowa. To matan da ake yi wa tambayoyi a cikinsa daga 'yan shekara 15 ne zuwa 49. A na 2018 maza an kai har 59, amma mace tana cika 50 shikenan ba a ƙara bi ta kanta. Ba wai mugunta ba ce, an tsara shi ne don haihuwa da lafiyar yara, amma dai ni abin ya tsaya min a rai tun ina ƙaramar malama a jami'a, saboda asibitocinmu ma haka suke, mace in tana da ciki akwai awo akwai kati akwai allura, kowa yana lallaɓa ta, ranar da ta daina haihuwa kuma sai ta koma mai rako 'yarta ko surukarta.

Lokacin da na ce a kan tsufa zan yi digirina na uku har dariya wasu abokan aikina suka yi, wani ma cewa ya yi ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa wa yake ta tsohuwa. Gaskiya yana da hujjarsa, kuɗin bincike ma can suke, a zazzaɓin cizon sauro da rigakafi da haihuwa. Amma matan nan da muke ta ƙoƙarin kada su mutu a gwiwa, in sun rayu ina za su? Ai tsufa za su yi, kuma da jikin da ya haihu takwas ko goma za su yi shi.

Abu na farko da ya fara ba mu wuya shi ne shekaru. Ka tambayi Iya shekarunta nawa ta ce Allah masani, ɗanta kuma ya yi caraf ya ce ai ta kai ɗari, wai don a girmama ta. Dole muka koma lissafi da abubuwan da suka faru. Lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 an yi miki aure? Da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 wa kike goyo? A Kano naɗin Ado Bayero a 1963 yana taimakawa sosai, don wadda ta yi wayo a lokacin ba ta mantawa. Sai ka ga wadda ake cewa ta haura casa'in ashe ba ta wuce saba'in da 'yan kai ba, wahala ce kawai ta tsofar da ita.

Sai kuma maganar takardun tambayoyin da muke aro daga waje, nan kam na daɗe ina faɗa da ɗalibaina. Akwai gwajin ƙwaƙwalwa da aka fitar a Amurka a 1975 wanda har yau ake amfani da shi a ko'ina, ana tambayar mutum yau nawa ga wata, a ce ya rage bakwai bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi wani zane. To fisabilillahi tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba ka miƙa mata fensir ka ce ta yi zane, in ta kasa ka rubuta tana da gigin tsufa? Alhali matar nan ita ce uwar adashen unguwa, ta san wa ta zuba wa ba ta zuba ba, ta san yau nawa ga watan Rajab, jikokinta kuwa har da waɗanda suka rasu za ta jera maka su da iyayensu. Masu binciken Ibadan da na birnin Indianapolis na Amurka da suka fara aiki tare a farkon shekarun 1990, su Farfesa Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie, sun gane wannan matsalar da wuri, sai suka yi aiki da gwajin da bai dogara kan boko ba kuma yana haɗawa da tambayar wani na kusa da tsohon. Daga aikinsu ne aka ga cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi yawa a baƙaƙen fatar Amurka fiye da Yarbawan Ibadan. Na ƙaru da su ƙwarai, haka ma binciken tsufa na Farfesa Oye Gureje wanda ya nuna ciwon damuwa ba ƙaramin yawa yake da shi a tsofaffi ba. Amma a nan Najeriya duka a ƙasar Yarbawa aka yi su, ba za ka ɗauko ka ɗora wa tsohuwar Ɗambatta ko Daura kai tsaye ba.

Hanyar da ta fi yi min aiki kuwa, kuma ba a aji na koye ta ba, ita ce tambaya ta hanyar sallah. Ka ce wa dattijuwa Hajiya fitsari yana kufce miki? Wallahi ba za ta amsa ba, za ta ce lafiya lau 'yar nan, alhamdulillahi. Amma in na ce Inna alwalar Magariba tana kai ki Isha'i? sai ta yi shiru, can ta ce ai 'yata na daɗe rabona da haka, ko tari na yi sai na sake. Shikenan magana ta buɗe. Ciwon gwiwa ma haka ne, ba na cewa daga ɗaya zuwa goma nawa zafin yake, sai dai in ce a tsaye kike sallah ko a zaune, tun yaushe kika koma zaune, kina iya tashi daga sujada ba ki dafa bango ba? Ido kuma in tambaya ko tana iya zura zare a allura ko tsince shinkafa. Ta haka ne na ci karo da matan da mahaifarsu ta zazzago shekara da shekaru suna tura ta da tsumma, ba su taɓa gaya wa ko 'yar cikinsu ba saboda kunya, kuma abu ne da ake gyarawa, wani da zoben roba wani da tiyata. Yanar ido ma aikinta ba ya daɗewa, amma sai a bar tsohuwa a ɗaki ana cewa ai girma ne.

Wannan ɗora wa girma komai shi ya fi ci min rai, kuma ba iyali kaɗai ke yi ba har mu ma'aikatan lafiya. Hawan jini ba ya ihu, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge ta. Mace ta shekara biyar da ɗaukewar al'ada sai jini ya dawo, ita tana ganin ba komai, alhali wannan jinin dole a duba shi don yana iya zama alamar kansar mahaifa. Ga haɗin kemis na ciwon jiki da jikoki ke sayo mata kullum, magunguna irin su diclofenac da ibuprofen in an daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda suna kuma tayar da hawan jini, wani haɗin ma har da dexamethasone a ciki mai kumbura fuska ya raunana ƙashi, ga shi dama ƙashin mace yana fara laushi bayan ɗaukewar al'ada.

Wani abin kuma in za ki yi hira da tsohuwa to ki san yadda za ki yi da ɗanta. Yana zaune a gefe duk tambayar da kika yi shi zai amsa, tana cin abinci? sosai ma, tana barci? lafiya ƙalau. Ba ƙarya yake nufi ba, shi dai kada a ce bai riƙe uwarsa ba. Na koyi in gaishe shi da kyau in ce Alhaji yanzu kuma maganar mata za mu yi, sai ya tashi da kansa. A nan ne za ki ji tun da ta fita takaba ba ta ƙara samun barci ba, ko kuma abincin ana kawowa amma babu haƙoran ci.

Ta ɓangaren gwamnati an ɗan motsa, ba zan ce ba a yi komai ba. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi a 2012, an sa hannu a dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa a 2018, an kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Sai dai yawancin matan da nake zama da su ba su taɓa aikin albashi ba balle fansho, ƙosai da ƙuli-ƙuli da kitso suka yi har ƙarfi ya ƙare, in akwai 'ya'ya masu hali to, in babu sai maƙwabta.

Aikin jami'a kuma nasa halin daban, ƙarin girma da yawan takardun da ka wallafa ake ba ka, da Turanci, a mujallun da ko ɗaya daga cikin matan nan ba za ta taɓa gani ba. Ni ma na bi layin don dole ce, amma yanzu duk ɗalibin da zan duba aikinsa sai ya sa a kasafinsa kuɗin komawa garin ya faɗa musu da Hausa abin da aka gano, kuma duk wadda muka auna muka ga jininta ya hau ba za mu rubuta lamba kawai mu wuce ba, sai an ba ta takardar zuwa asibiti an kuma yi wa mai kula da ita bayani. Masu kulawar nan ma su ne aikin da ke gabana yanzu, don yawanci suruka ce ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ke wanka ita ke ɗagawa ita ke kwashe fo, kuma da yawansu su ma sun ba hamsin baya, bayansu yana ciwo, jininsu in an auna sai ka ga ya fi na tsohuwar hawa.