Saƙon Godiya Bayan Laccar Kama Kujerar Farfesa

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mini wannan rana, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka baro ayyukansu suka halarci laccar da na gabatar ta kama kujerar farfesa a fannin nazarin halayyar yara, da kuma waɗanda uzuri ya hana su zuwa amma suka aiko da addu'a.

Wanda na fi so a ce yana zaune a zauren nan shi ne malamin da ya duba aikin digirina na uku, Allah ya jiƙansa da rahama. Shi ya sa ni maimaita gwajin nan na Jean Piaget, masanin halayyar yara da ya rasu a 1980, inda na zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, sannan na juye ɗaya cikin wani dogon kofi siriri a gaban yarinya 'yar shekara biyar. Ta ce ruwan ya ƙaru. Na ɗauki biro zan rubuta cewa ta faɗi gwajin, sai malam ya dafa takardar ya ce, "'Yata, tambaye ta dalili tukuna." Yarinyar ta ɗora yatsa daidai inda ruwan ya tsaya, ta dube ni tana jiran in gane.

Wannan tambaya ce na tafi da ita lokacin da aka ɗora mini shugabancin kwamitin tsara manufofin matasa. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 20 ga Nuwamba 1989 ta tanadi, a sashe na 12, cewa a saurari ra'ayin yaro a kan duk abin da ya shafe shi, shi ya sa na dage sai matasa sun zauna tare da mu kafin a rubuta ko layi ɗaya. Na san hakan ya tsawaita aikin, wasu ma sun ga ɓata lokaci ne, don haka ina gode wa 'yan kwamitin da suka yi haƙuri da ni har muka sake daftarin bisa abin da matasan suka faɗa mana.

Ina gode wa ɗalibaina da abokan aikina, da iyayen da suka amince mana da 'ya'yansu a lokutan bincike, da maigidana da 'ya'yana waɗanda suka jure daren da na raba ina rubutu. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.