Lambar da Ke Bayan Kwali da Amanar Masu Ƙera Kwamfutar Aljihu

A cikin duk bayanan da kamfani yake jerawa a bayan kwalin waya ko ƙaramar kwamfutar aljihu, babu wanda mai saye ya fi kasa tantancewa da kansa kamar na sikirin. Nauyin na'ura hannu yana faɗa maka shi nan take, ƙarfin batir kuma kwana biyu sun isa su tona asirinsa, amma idan aka ce maka fuskar da kake kallo tana ɗauke da ɗigo miliyan biyu, ko tana iya nuna launi dubu sittin da biyar, ba ka da yadda za ka ƙirga, sai dai ka yarda. A ganina, duk wanda ya biya kuɗi saboda kyawun sikirin, maganar kamfani ya saya kafin ya sayi gilashi, kuma tarihin waɗannan na'urori ya nuna cewa wannan maganar ba kullum take cika ba.

Ina so in fara da cewa ni ba na cikin masu raina yawan ɗigo. Hoton da ke kan sikirin ƙananan ɗigo ne aka jera a tsaye da kwance, kuma iya yawansu a cikin inci guda, iya fitowar rubutu tar. Mu da muke karanta Hausa mun fi wasu sanin amfanin wannan, domin abin da ya raba ƙ da k, ko ɗ da d, ɗan lanƙwasa ne a saman harafi wanda bai wuce 'yan ɗigo ba idan rubutun ƙanana ne. A kan sikirin mai ƙarancin ɗigo lanƙwasar takan narke ta zama tabo, mai karatu ya riƙa canka. Haka abin yake ga mai karanta Larabci da wasullansa, inda fataha da shadda da ɗigon haruffa suke cunkushe a waje ɗaya. Saboda haka idan na ga kamfani ya yi wasa da wannan lamba, raina yana ɓaci da gaske, don abin da ake wasa da shi idon mai karatu ne.

Na'urar Pilot da kamfanin Palm ya fitar a Amurka a 1996, wadda ta sa kwamfutar aljihu ta zama ruwan dare a ofisoshi, tana da ɗigo 160 a tsaye da 160 a kwance, wato 25,600 gaba ɗaya, kuma babu launi. Da ɗan tsinken roba ake taɓa fuskarta a rubuta suna, lambar waya ko ranar taro. Shekaru da dama Palm ya tsaya a kan wannan adadi, har kamfanin Sony na Japan, wanda ya karɓi lasisin amfani da babbar manhajar Palm, ya fito a 2001 da CLIÉ mai ɗigo 320 sau 320. Wannan ninki huɗu ne, ɗigo 102,400 a kan fili kusan ɗaya da na da, kuma waɗanda suka ga rubutu da hoto a kanta sun san cewa an shiga wani sabon zamani.

Sai dai a nan ne darasi na farko ya bayyana. Babbar manhajar Palm ta lokacin ba a gina ta don irin wannan sikirin ba, don haka Sony ya ƙirƙiro tasa hanyar ta daban wadda masu rubuta manhajoji za su bi kafin aikinsu ya ci moriyar sababbin ɗigon. Wani ƙaramin kamfani mai suna HandEra ya fito a shekarar da tasa na'urar mai ɗigo 240 sau 320, shi ma da tasa hanyar. Da Palm ya iso da Tungsten T a ƙarshen 2002, mai 320 sau 320, sai ya zo da hanya ta uku. Mutumin da ya rubuta ƙamus ko manhajar karanta littafi shi kaɗai a ɗakinsa ya wayi gari yana bukatar yin aiki ɗaya sau uku, kuma da yawa ba su yi ba. Wanda ya sayi CLIÉ kuwa yakan buɗe tsohuwar manhaja ya tarar ko dai an ninka kowane ɗigo ta koma kamar a tsohuwar na'ura, ko kuma haruffan sun fito sirara ƙwarai har suna gajiyar da ido. Bayan duk wannan, a tsakiyar 2004 Sony ya sanar da cewa ya daina fitar da sababbin CLIÉ a wajen Japan, a 2005 kuma ya rufe harkar har a gida. Babu ƙarya a lambar da Sony ya rubuta, ɗigon suna nan cif, amma mutanen da suka zuba kuɗinsu da masu manhajar da suka zuba lokacinsu an bar su riƙe da hanyar da mai ita ya watsar.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Palm m130. An fitar da ita a watan Maris na 2002 a matsayin na'ura mai launi mai sauƙin kuɗi, kuma tallarta ta ce tana nuna launi sama da 65,000. Wasu masu amfani da ita, waɗanda ba ma'aikatan wata hukuma ba ne, suka riƙa ɗora hoto ɗaya a kanta da kan wata na'urar suna kwatantawa, suka lura cewa inda launi ya kamata ya sauya a hankali, kamar sararin sama daga shuɗi mai duhu zuwa mai haske, a kan m130 yana fitowa zara-zara. A watan Agusta Palm ya amsa cewa lambar ba daidai ba ce. Ainihin sikirin ɗin launi 4,096 yake iya bayarwa, kashi ɗaya cikin goma sha shida na 65,536 da ake tsammani. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka yi amsar, domin kamfanin ya ce na'urar tana nuna "haɗe-haɗen launi" 58,621, wato ragin kusan kashi 11 cikin ɗari kacal. Yadda aka kai ga wannan adadi shi ne ta dabarar sauya launin ɗigo da sauri da kuma jera launuka daban-daban kusa da juna domin ido ya gauraya su da kansa. Dabarar halal ce a fannin, ana amfani da ita har gobe, amma ba ita aka sayar wa mutane ba. Wanda aka kama da tauye mudu, idan ya ce ai in ka girgiza hatsin zai yi kamar ya cika, ya ƙara laifi ne a kan laifi. Sai da surutu ya yi yawa, a watan Satumba, Palm ya yi tayin mayar wa duk mai so kuɗinsa, ko kuma ya ba shi wasan kwamfuta kyauta idan ya zaɓi ya riƙe na'urar.

Kuma ba Palm ne na farko ba. Shekara biyu kafin nan, a 2000, kamfanin HP ya faɗa cikin irin wannan rami da jerin Jornada 540, wadda aka tallata da launi 65,536 alhali 4,096 take nunawa, shi ma ya yi tayin mayar da kuɗi. Kuskure yana iya faruwa ga kowane kamfani, musamman da yake galibinsu ba su ne suke ƙera gilashin da kansu ba, sayowa suke yi. Abin da nake auna kamfani da shi shi ne wa ya fara faɗa, kwana nawa aka ɗauka, kuma da wane harshe aka faɗa.

Irin matsalar da CLIÉ ta fuskanta ta sake faruwa da kamfanin Toshiba, wanda ya fitar da e800 a ƙarshen 2003 da ɗigo 480 sau 640 a kan inci huɗu, tun kafin babbar manhajar Microsoft ta aljihu ta iya sarrafa wannan adadi, don haka 'yan manhajoji kaɗan ne suka iya amfani da shi sai da aka gyara babbar manhajar a 2004.

Da wayoyin zamani suka haɗiye aikin kwamfutar aljihu, salon ya canza, an daina rubuta lambar da ba ta nan, an koma rubuta lambar da take nan amma da sharaɗin da ba a faɗa da ƙarfi. A farkon 2010 wayar Nexus One ta zo da ɗigo 800 sau 480, sai dai sikirin ɗinta na tsarin PenTile ne. A ka'ida kowane ɗigo yana da ƙananan fitilu uku, ja da kore da shuɗi, amma a wannan tsari biyu ne, kore a kowane ɗigo, ja da shuɗi kuma ana karɓa-karɓa tsakanin maƙwabta. Kashi ɗaya cikin uku na fitilun ya tafi ke nan, kuma a gefen ƙananan haruffa ake ganin haka, inda layi yake fitowa da ɗan gashi-gashi. A watan Yuni na shekarar, Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya gabatar da iPhone 4 mai ɗigo 960 sau 640, wato 326 a kowane inci, ya ce daga wajen 300 idon mutum ba ya iya rarrabe ɗigo idan an riƙe wayar da nisan inci goma zuwa goma sha biyu. Wani masanin sikirin, Raymond Soneira, ya ƙalubalance shi da cewa ana bukatar 477 a nisan inci goma sha biyu, wasu masanan kuma suka ce ga mai matsakaicin gani maganar Jobs ta yi daidai. Wannan muhawara ba ta dame ni ba, hasali ma ta burge ni, domin an faɗi lamba da nisa da hujja a fili, kowa ya samu abin da zai gwada.

Wadda ta fi damuna ita ce ta Xperia Z5 Premium da Sony ya fitar a 2015, mai ɗigo 3,840 sau 2,160 a kan inci biyar da rabi, wato 806 a kowane inci. Ɗigon suna nan, amma ban da hotuna da bidiyo, sauran abubuwa wayar tana zana su ne da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi sannan ta faɗaɗa, saboda batir ba zai jure ba. Dalilin a bayyane yake: kowane ɗigo sai na'ura ta lissafa launinsa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, lissafi yana cin wuta, wuta tana kawo zafi. Samsung ma ya sayar da Galaxy S8 a 2017 da sikirin mai ɗigo 2,960 sau 1,440 amma ya saita ta a ƙasa da haka daga masana'anta, sai wanda ya shiga saiti ya ɗaga da kansa. Shawarar injiniyoyin mai hankali ce, ban ga aibunta ba. Aibun yana wajen masu talla da suka rubuta babbar lambar da manyan baƙi, suka bar sharaɗin ga mai bincike.

Shi ya sa nake ganin girman abin da kamfanin Valve ya yi da Steam Deck, kwamfutar hannu ta wasanni da ya fitar a 2022. Ya tsaya a ɗigo 1,280 sau 800 a kan inci bakwai, adadin da wayoyi masu araha sun wuce shi, domin shi ne abin da na'urar da batirinta za su iya ɗauka ba tare da numfarfashi ba. Da ya sabunta ta a ƙarshen 2023 da sikirin na OLED, irin wanda kowane ɗigo yake ba da haskensa da kansa, ya ƙara haske da zurfin launi ya bar adadin ɗigon yadda yake. Ya kuma bari ana sayar da kayan gyaranta, har da sikirin, ga duk mai so. Ba na cewa kamfani ne na waliyyai, ciniki yake yi kamar kowa, amma wanda ya ƙi shiga gasar lamba alhali abokan hamayyarsa suna ciki, ya ba ni dalilin sauraron sauran maganganunsa.

A wajenmu batun yana da wani hawa da ba ya cikin lissafin masu talla. Mutane da yawa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi waya ta hannu suke saye, wadda ta riga ta yi rayuwa a wata ƙasa, kuma sikirin shi ne abin da ya fi fashewa, shi ne kuma aka fi canzawa. A kasuwar waya irin ta Farm Centre da ke Kano za a tambaye ka ko na asali kake so ko kwafi, kuma mai gyara na kirki zai faɗa maka bambancin farashi da na inganci ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Matsalar tana zuwa ne idan wayar ta canza hannu sau biyu ko uku, mai saye na ƙarshe ya duba intanet ya ga lambar kamfani, alhali gilashin da ke gabansa wani ne daban mai dusasshen haske. Apple ya fara nuna gargaɗi a cikin saiti, tun daga iPhone 11, idan sikirin ɗin ba wanda ya tantance ba ne, kuma wannan yana taimakon mai saye. Amma a 2021 ya wuce gona da iri, inda iPhone 13 take daina buɗewa da fuskar mai ita idan wani mai gyara na waje ya canza sikirin, ko da na asali ya saka, har sai da masu gyara suka yi ca a kansa kafin ya janye. Sanar da ni abin da ke cikin wayata haƙƙina ne, amma kashe mini wani sashe nata don na je wurin mai gyaran unguwarmu, a garin da kamfanin ba shi da shago, wannan ba kare ni ake yi ba.

Yanzu idan zan ba ɗan'uwa shawara, nakan ce ya buɗe rubutu mafi ƙanƙanta a kan na'urar ya karanta da idonsa, a inuwa da kuma cikin rana, sannan ya tambayi shekara nawa kamfanin ya ɗauki alkawarin sabunta manhajarta da kuma ko ana samun gilashinta a kasuwa. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. Alkawarin farko zai cika a 2030, na biyun a 2031, kuma ina da niyyar bibiyar su biyun idan Allah ya kai mu.