Laraba: ranar ba ƙwayoyin maleriya magani

Yau tun ƙarfe bakwai ina cikin ɗakin gwaji. Gari bai gama wayewa ba, domin a Nuwamban Liverpool rana ba ta fitowa sai bakwai da rabi ta gota, ga iskar bakin teku mai shiga har ƙashi. Gwajin da aka shirya mini na yau ba ya jira, shi ya sa na yi sammako.

Ga wanda bai saba leƙowa nan ba, ina karanta kimiyyar lafiyar jikin ɗan Adam da cututtuka ne, kuma bana ce shekarata ta sanin makamar aiki. Karatun shekara uku ne, amma idan mutum ya zaɓi wannan tsari sai ya zama huɗu: bayan shekara ta biyu ka ajiye aji ka tafi wurin aiki na gaske, sannan ka dawo ka ƙarasa. Wasu 'yan ajinmu sun tafi ɗakunan gwajin asibitocin gwamnatin Birtaniya (NHS) don su cike kundin horon da ake buƙata kafin a yi musu rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista a Birtaniya, wasu kamfanonin magani. Ni na nemi bincike, Allah kuma ya haɗa ni da masu aiki a kan zazzaɓin cizon sauro. A gida Najeriya akwai SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, amma yawanci wata shida ne. Shekara guda tana ba ka damar riƙe tambaya ɗaya ka bi ta har ka ga inda ta nufa.

Abin da muke renonsa shi ne Plasmodium falciparum, mafi kisa a cikin ƙwayoyin maleriya. Yana zaune a cikin jajayen ƙwayoyin jinin mutum, a kwalaben roba, cikin wani ruwan abinci da ake kira RPMI 1640, a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, da iska mai ƙarancin oksijin. Kamar kiwon kaji ne: kullum sai an duba, a canja ruwa, a ƙara jini in sun yi yawa, ba ruwansu da Asabar ko Lahadi. Kafin 1976 babu wanda ya iya raya shi a wajen jiki na dogon lokaci, sai da William Trager da James Jensen suka samo hanyar a New York, suna kunna kyandir a cikin tulun gilashi su rufe don rage oksijin. Duk abin da hannuna ya taɓa yau a kan wannan aikin nasu ya tsayu.

Tambayarmu ita ce ko ƙwayar tana jure wa artemisinin, ginshiƙin maganin da ake sha yanzu a duk Afirka. Juriyar tana ɓuya ne a awannin farko bayan ƙwayar ta shiga jajayen jini, lokacin da take da siffar ɗan zobe. To dole sai ka samu 'yan zoben da ba su wuce awa uku da shiga ba, kuma nan ne wahalar take. Na fara da tace manyan da suka kusa fashewa ta hanyar zuba jinin a kan Percoll, wani ruwa mai raba ƙwayoyi bisa nauyinsu, a juya shi a inji, suka taru a tsakiya cikin wani siririn layi mai ruwan ƙasa. Na ɗebe su a hankali, na haɗa da sabon jini, na mayar akwatin ɗumi daga takwas zuwa sha ɗaya. Bayan nan na zuba sorbitol, wani sinadari mai kama da sukari, wanda ke fasa duk ƙwayar jinin da ke ɗauke da babba ya bar masu zobe. Da sha ɗaya da rabi na sa maganin, dihydroartemisinin, wani nau'in artemisinin, mai ƙarfin nanomola 700, a wasu ramukan farantin robar da na rarraba jinin a ciki, wasu kuma na bar su ba magani don a samu abin kwatantawa. Awa shida cif zai yi, sannan a wanke.

Ɗalibar digiri na uku da ke kula da ni ta tsaya a bayana lokacin ɗebe layin nan, ba ta ce uffan ba har na gama. Sai ta ce Asabar ba sai ta shigo ɗakin tare da ni ba, za ta kasance a ofis in ina buƙatarta. Na ji daɗin wannan ƙwarai. A nan ana lissafa falciparum cikin rukuni na uku na ƙwayoyin cuta masu haɗari, ba a barin sabon shiga ya yi aiki sai an horar da shi an sa hannu, kuma ba a son allura ko wani abu mai kaifi kusa da jinin. Ko ƙofar ma da kati ake buɗe ta.

Na yi azahar, na ci shinkafar da na dafa jiya, na zauna gaban madubin likita da gilasan gwajin makon da ya wuce. Wannan ne ɓangaren da na fi so, ko da yake shi ya fi gajiyar da ido. An rina gilashin da Giemsa, ka ɗiga mai, ka sauke ido, sai ga jajayen jini a baje, a cikin wasu ga ɗan zobe shuɗi da ɗigon ja a gefe. Sai an ƙirga ƙwayoyin jini dubu goma a kowane gilashi, kana danna 'yar na'urar ƙirga da babban yatsa, kana rarrabe mai rai da matacce. Matacce yana ƙanƙancewa ya yi baƙi ƙirin, mai rai kuwa jikinsa a cike. A shekara ta biyu an nuna mana hotunansu a allo, na haddace, na ci jarrabawa. Amma a allo an zaɓo maka masu kyau ne. A gilashi akwai dattin rini da ke kama da ƙwaya, akwai wanda za ka daɗe kana kallo kafin ka yanke hukunci. Shi ya sa mutum biyu ke ƙirga kowane gilashi, kowa daban, ba tare da sanin wanne ne wanne ba. Idan waɗanda suka tsira sun haura ɗaya cikin ɗari, alama ce ta juriya.

Iri biyu nake kwatantawa. Ɗaya 3D7 ne, wanda kusan kowane ɗakin binciken maleriya ke da shi, asalinsa daga jinin wani majinyaci a Holan da ke zaune kusa da filin jirgin Schiphol. Magani yana share shi. Ɗayan daga Kambodiya yake, yana da sauyi a ƙwayar gadon da ake kira kelch13, wadda aka gano alaƙarta da juriyar a 2014. A gilashinsa sai ka ga masu rai nan da can bayan an ba su maganin da ya kamata ya ƙarar da su. Da na fara ganin haka gabana ya faɗi. Irin waɗannan sauye-sauye sun riga sun bayyana a Ruwanda da Yuganda, kuma ba daga Asiya aka kawo su ba, a ƙasashen biyu suka tsiro. Mun taɓa ganin irin wannan da kulorokwin: juriya ta faro a kudu maso gabashin Asiya a ƙarshen shekarun 1950, ta iso gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1970, ta mamaye nahiyar, yara suka yi ta mutuwa kafin a canja magani. Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Idan artemisinin ya gaza, mu ne a gaba.

Bayan la'asar Umma ta kira. "Likita, ya sanyi?" Haka take kirana, na kuwa sha gaya mata ba asibiti zan zauna ba.

"Lafiya lau, Umma. Ya jikin Auta?"

"Ya samu sauƙi, alhamdulillahi. Tun jiya yake wasa, har na ajiye sauran maganin saboda gaba."

Na ce mata don Allah ta ɗauko ta ƙarasa ba shi. Maganin nan sau shida ake sha cikin kwana uku, safe da yamma, kuma a haɗa da madara ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Magani biyu ne a haɗe a cikinsa: artemether, ɗan gidan artemisinin, yana kashe mafi yawan ƙwayoyin da sauri ya fita daga jini, shi ya sa yaro ke miƙewa, lumefantrine kuma shi ke zama ya share ragowar. In an tsaya a rabi, waɗanda suka fi taurin kai ne ake bari. Ta ce, "To 'yar nan, na ji. Allah ya yi miki albarka." Na kuma roƙe ta nan gaba a riƙa gwada jini kafin a saya, domin ba kowane zazzaɓi ba ne na sauro.

Wannan ne ya sa ba na jin shekarar nan a matsayin jinkiri, ko da yake ƙawayen da muka shigo tare za su riga ni gamawa. Ina son in iya aikin nan da hannuna, daga reno har ƙirga, yadda zan iya tsayar da shi a inda wuta ke ɗaukewa kuma ake jiran kayan gwaji watanni. Jinin yaran Kano da Katsina da Maraɗi yana buƙatar masu duba shi a kusa, a kowace damina, ba sai an aiko shi ƙetare an jira amsa ba.

Magariba ta yi tun huɗu da 'yan mintoci, na yi salla na dawo. Biyar da rabi daidai na fara wanki: a juya a inji, a zubar da ruwan sama, a sa sabo, a maimaita, sannan a zuba cikin sabbin ramuka, domin maganin yana liƙewa a jikin roba, kuma ɗan abin da ya rage zai iya ɓata sakamakon gaba ɗaya. Na rubuta lokutan a littafin aiki, na goge tebur da sinadarin kashe ƙwayoyi, na fito wajen bakwai. Asabar da sha ɗaya da rabi awa 72 za ta cika, in sha Allah in shafa gilasai in rina. Gobe da safe kuma akwai taron rukuninmu, an ce in nuna ƙirgata ta makon jiya kusa da ta mai kula da ni, a ga inda muka dace da inda muka saɓa.