Laraba a barga, saura wata guda hawan Sallah

Zafi ya kama yau tun kafin rana ta fito. Bayan sallar asuba na shiga barga, kuma ban bari an zuba wa kowane doki abinci ba sai da na duba abubuwa uku: kashi, bokitin ruwa da ragowar harawa. Lafiyayyen doki yakan yi kashi sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, curi-curi mai ɗan danshi. Cikin dawakanmu uku, akawali da bikili lafiya lau. Kili kuwa tsibi biyu kawai na tarar a bayansa, ƙanana busassu, ruwansa kuma ko rabi bai sha ba.

Na sa masa ma'aunin zafi a dubura, ya nuna 38.0, abin da ake so kuwa tsakanin 37.5 ne da 38.5. Bugun jini a ƙarƙashin muƙamuƙi ake jinsa, inda jijiya ta haura ƙashi. A ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Nasa 40 ne, doki a hutu kuma yana tsakanin 28 da 44. Numfashi 8 zuwa 16 a minti. Na ɗaga leɓensa na danna dasashi da yatsa, jan ya dawo kafin daƙiƙa 2. Sai na kara kunne a kwiɓinsa hagu da dama, ciki yana ƙugi. Cikin da ya yi tsit shi ne abin tsoro. Matsalar dai a bokiti take: gansakuka ta kama gindinsa, ruwan kuma ya kwana da ɗumi yana ɗan wari. Doki yana da ƙyanƙyamin ruwa, zai zauna da ƙishi a kan ya sha wanda bai yi masa ba. Dokinmu na nan yakan sha lita 20 zuwa 30 a rana, a bazara idan yana aiki kuma har ya ninka.

Yaron barga ya ce, "Baba, ko mu ɗura masa man gyaɗa da kanwa?" Na ce a'a, ɗana, wanke bokitin ka kawo sabon ruwa. Ɗura ta kashe dawakai da yawa a ƙasar nan. Idan aka ɗaga kan doki sama aka tuttula masa mai, ba ya jin ɗanɗanon da zai sa ya haɗiye da kyau, wani sai ya bi maƙogwaro ya sauka huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su biyo baya. Abin da aka yi wa kili shi ne an janye hatsinsa na yau, an dama dusa da ruwa sosai da gishiri cokali biyu, an ja shi a hannu na minti 15. Kafin azahar ya shanye bokiti biyu, ya yi kashi mai laushi. Da na ga yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima, ko bugun jini ya haura 50, da nan take zan kira likitan dabbobi. Doki ba ya amai, duk abin da ya toshe a ciki sai dai ya kumbura shi. Kuma ba a yi masa allurar kashe ciwo kafin likita ya gan shi, domin tana rufe alamun da likitan zai dogara da su.

Da hantsi wani maƙwabci mai doki ya leƙo, ya ga abin da ake auna wa akawali, ya ce ai wannan ba zai cika shi kafin Sallah ba, shi nasa ya ninka masa gero tun makon jiya. Wannan al'ada ita ce ta fi damuna a irin wannan lokaci. Doki ya shafe watanni a turke, sai Sallah ta matso a cika shi da hatsi don ya yi ƙiba, ranar hawa a ɗora masa kaya a yi ta sukuwa kwana uku ko huɗu a jere. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15, an halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Hatsin da ya yi yawa a ci ɗaya yana wucewa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa. Daga nan ko dai ciwon ciki, ko kumburin cikin kofato: za ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, kofato da zafi, yana taka ƙasa da ƙyar. Akwai kuma ɗaurewar tsoka, wadda ke kama dokin da ya huta yana cin hatsi sannan aka fitar da shi aiki mai tsanani. Cinyoyi su sandare, gumi ya keto, fitsari ya yi duhu. Irin wannan ba a tilasta masa tafiya, a sauka a nan inda yake.

Lissafin abinci daga nauyi yake farawa, kuma ba sai da sikelin dabbobi ba. Da tef ɗin tela na auna kewayen ƙirjin akawali daf da bayan ƙafafun gaba, santimita 160. Tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu 150. A ninka 160 sau 160, a ninka da 150, a raba da 11,877, ya ba da kusan kilo 323. Abincinsa na rana kashi 2 cikin 100 ne na nauyinsa, wato wajen kilo 6 da rabi, kuma aƙalla kilo 5 daga ciki harawa ce da ingirici. Hatsi kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya, gara ma a raba na yini gida uku. A ɗora kwanon awo a sikeli sau ɗaya a san nauyinsa, don kwanon dusa da kwanon gero ba nauyinsu ɗaya ba. Duk ƙari ko canjin abinci a yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Ciyawa a fara ba shi, hatsi ya biyo baya.

Damin harawar wake guda na ware yau, cikinsa ya yi fari-fari yana tashin ƙura. Fumfuna ce, ba ta shiga komin doki. Haka masarar da ta yi fumfuna, gubarta ƙwaƙwalwar doki take taɓawa. Abincin kaji ma haɗari ne, wasu nau'o'in da maganin da kaza ke ɗauka amma ya lalata zuciyar doki. Gyauron dawa kuwa kowa ya san haɗarinsa. Harawa kuma a kakkaɓe ta a zuba a komi, idan a ƙasa ake zubawa yashi yana taruwa a hanji sannu a hankali. Leda a tsince ta daga barga kullum.

Kilisar akawali an yi ta ne kafin ƙarfe takwas, a fili mai laushi. Minti 10 na tafiya, sai sassarfa ta minti 5 sau uku da tafiya a tsakani, sai tafiya ta minti 10 a dawo gida. Sukuwa sai mako na uku, ita ma gajeriya. Huhu da zuciya suna saurin sabawa da aiki, jijiyoyin ƙafa kuwa suna ɗaukar lokaci, shi ya sa zamiya a kan dokin da bai horu ba take barin kumburi a bayan ƙwauri. Minti 15 bayan sauka na sake jin bugun jininsa, 52. Da ya tsaya sama da 60, da gobe an rage aikin. A kan kwalta ba a sukuwa ko kaɗan, santsi ne da ita, faɗuwar kuma ta mutum biyu ce, doki da mahayi.

Da aka sauke sirdi na shafa bayansa da tafin hannu. Gumi ya jiƙa ko'ina daidai, haka ake so. Busasshen wuri a tsakiyar gumi alama ce sirdi yana danna nan fiye da kima, kuma nan ne miki zai ɓullo, daga baya farin gashi ya fito. Idan mahayi ya zauna, ya kamata yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin gaban sirdi da ƙashin da wuya ya haɗu da baya. Zubka, shimfiɗar ƙarƙashin sirdi, a shanya ta a kakkaɓe, wadda gumi ya bushe a jikinta tana goge fata. Majayi, ɗamarar sirdi, sau uku ake jansa: a ɗaura sako-sako, a ja doki 'yan taku, a ƙara, sannan a duba kafin a sa ƙafa a likkafa. Nauyin da doki zai ɗauka cikin sauƙi wajen kashi 20 cikin 100 ne na nasa, ga akawali kusan kilo 65 ke nan har da sirdi. Sirdin gargajiya da jalala da sauran ado su kaɗai sun ci wani kaso mai yawa, saboda haka babban mutum ya nemi babban doki, ko ya taƙaita hawan.

Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai, harshensa yana dukan ganɗa, zoben kuma yana matse haɓa. A hannun gwani da yatsa ake sarrafa shi. A hannun yaro mai fizga kuwa sai ka ga jini a kumfar baki. Dokin da ke yarfa kai ko yana miƙewa tsaye, a duba bakinsa da kaifin turamen haƙoransa kafin a ce taurin kai ne.

Batun cewa ba a ba doki ruwa ko a yi masa wanka yana cikin gumi, ban yarda da shi ba, a wannan zafin ma cutarwa ne. An kai akawali inuwa, an yi ta kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har fatarsa ta huce, an bar shi ya sha. Hatsi ne ake jinkirtawa sai bayan awa guda.

La'asar ta bikili ce, ɗan shekara uku da bai taɓa shiga taro ba. Mai ganga ya tsaya nesa yana bugawa a hankali, bikili yana cin harawa. Da ya ɗaga kai ya ƙame, sai a tsaya a wannan tazarar har ya sauke kai ya ci gaba da ci, sannan mai ganga ya matso taku biyar. Minti 20 ya isa. Haka za a bi da algaita, da babbar riga mai kaɗawa, da laima, ƙarar bindiga ce ta ƙarshe, kuma tare da tsohon doki mai natsuwa a gefensa. Dukan doki a lokacin tsoro yana koya masa cewa ganga da bulala tafiyarsu ɗaya. Na sake tuna wa yaran cewa doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa da daf da hancinsa, a zo masa ta kafaɗa ana magana. Ba a naɗe igiya a hannu, ba a shiga barga da silifa, ƙulli a turke kuma na zarge ne wanda ja ɗaya zai kwance shi. Yaro mai koyon hawa ya sa hular kwano da takalmi mai dunduniya don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa. A jerin gwano a bar tsawon doki guda tsakanin ingarma da ingarma.

Kafin magariba aka ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya aka ƙwaƙule, daga dunduniya zuwa gaba. Na bikili ya yi tsawo, yanka duk mako 6 zuwa 8 ne, kuma gara a yi yanzu da a yi ana gobe hawa ya fita yana ɗingishi. An cire kaska uku a ƙarƙashin wutsiyar akawali. Na yi waya da likita kan rigakafin cutar sarƙewar haƙora, wadda ƙusa ɗaya a kofato ko mikin sirdi kan jawo, kuma doki na cikin dabbobin da ta fi kashewa. Bikili bai taɓa samu ba, allura biyu ce da tazarar mako 4 zuwa 6, don haka ta farko ba za ta wuce makon nan ba. Likitan zai zo gobe da safe, zai kuma ba su maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyin kowanne, shi ya sa na sa yaran su auna kili da bikili da tef tun daren nan su rubuta a bangon barga.