Allurar ɗinki ta ci min jet ɗin kafireta

Har yau in na ga allurar ɗinki sai raina ya sosu. Janaretana ya yi wata 4 a ajiye da mai a cikinsa. Da na zo tayarwa, sai ya ƙi zama sai da cok, wato marfin da ke rage iskar da ke shiga kafireta; ina buɗewa ya yi tari biyu ya mutu. Wannan kam na san karatun: tsohon fetur ya bushe, ya bar danƙo a jet, mai ba ya isa.

Na kwance kofin da ke ƙasan kafireta, na zaro jet ɗin, ɗan guntun tagulla da bai kai kan ɗan yatsa ba. Na ɗaga shi ga haske, rami a toshe. A nan shaiɗan ya raɗa min allura. Na zura, na murza, na sake murzawa har haske ya fito tar, ina ta jin kaina gwani.

Ja ɗaya ya tashi. Minti 10 ba a yi ba salansa ta fara aman baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai ya cika wurin, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Na sauya fulogi sau biyu, na wanke matatar iska, na zargi robar nan mai yawo a kan mai da ke rufe hanya in kofi ya cika. Duk lafiyarsu lau.

Ashe ramin nan shi ne ma'aunin. Kafireta ba tura mai take yi ba. Fistin in ya sauka yakan zuƙo iska, ta bi ta wani tsukakken maƙogwaro a guje, matsinta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga kofi ta cikin jet. A nauyi, kusan kashi 15 na iska ake so ga kashi 1 na fetur. Ramin jet ɗin bai kai milimita 1 ba, tagulla kuwa taushi gare ta, allura ƙarfe ce. Faɗinsa in ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ƙofar man ta ƙaru da kashi 21. Ni kuwa murzawa na yi ba tausayi.

Bakanike ya jera nawa da sabon jet a tafin hannunsa, ya dube ni.

"Maigida, waye ya yi wa wannan aiki?"

Na ce wani yaro ne. Ya ce maganin wanke kafireta da iska sun isa, in ya ƙi a sa silin burushi na roba. Yanzu kafin in ajiye injin nakan rufe makunnin mai, in bar shi ya shanye na kofi ya mutu da kansa. Tsohon jet ɗin yana nan cikin akwatin sifanu, na kasa jefarwa.