Kiwon aladu ya mai da ni mai walda

Duk mai kiwon aladu, ko ya so ko ya ƙi, sai ya koyi walda. Alade da hanci yake aiki: ya cusa shi ƙarƙashin ƙofa ya ɗaga, sai ka tarar sakata ta karye.

Aikin da ya fi faranta mini rai shi ne bututun ƙarfen da na kafa jikin bangon ɗakin haihuwa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Uwa in za ta kwanta gaba ɗaya take zubewa, ta danne ɗanta ba ta sani ba. Yanzu ƴaƴan na shigewa ƙarƙashin bututun su tsira. Bayan uwa ta yi kwana 114 ɗauke da ciki, a rasa ɗa ta haka akwai ciwo ƙwarai.

Ba na kunna injin walda sai na kwashe busasshiyar ciyawa na fitar da dabbobin, saboda tartsatsi da hasken da ke ƙona ido.