Idan na'urar gwaji ta ce ram lafiyarsa ƙalau

Duk wanda ya ɗan jima yana gyaran kwamfutocin farkon shekarun 1980, irin su Commodore 64 da ZX Spectrum da IBM 5150, ya san ram, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe bayanai a ciki yayin da take aiki, ake fara zargi da zarar allo ya yi baƙi ƙirin ko ya cika da haruffan shirme. Shi ya sa na'urar gwada aisin ram, wato 'yan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ram ɗin ke ciki, ke da farin jini a wannan sana'a. Ka dasa aisin a soket, ka danne ɗan hannun da ke damƙe ƙafafunsa, ka latsa maɓalli, ka jira. Abin da aiki da ita ya koya mini shi ne, amsoshinta biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In ta ce aisi ya mutu, galibi gaskiyarta ce, muddin ba tsatsa ce ta hana ƙafafun haɗuwa ba. In kuwa ta ce lafiya lau, to da sauran magana.

Ɗauki aisin ram mai lamba 4164, mai ƙafa 16, wanda Commodore 64 ta farko ke ɗauke da guda 8. Yana da ɗakuna 65,536, kowanne na riƙe da ɗan cajin lantarki da ke nufin sifili ko ɗaya. Cajin nan tsiyayewa yake yi kamar ruwa a randa mai yoyo, don haka dole a riƙa zagayowa ana sabunta shi duk milisakan 2 ko 4, ya danganta da ƙirar. Na'ura mai araha takan rubuta ta karanta nan take, kafin ɗakin da yoyonsa ya yi yawa ya zubar da abin da aka ba shi, sai ya haye. Ga shi kuma a sanyi aka gwada shi, a sarari bisa tebur. A cikin kwamfuta, murfi a rufe, zafi na taruwa, yoyon ƙaruwa yake yi. Irin wannan ne ke sa kwamfuta ta tashi sumul, sai an ɗan jima ana aiki ta birkice. Yanzu in ina shakkar aisi, nakan ɗumama shi kaɗan da iska mai zafi in maimaita gwajin.

Sai batun gudu. Lambar da ke biye da sunan aisin, -15 ko -20, tana nufin nanosakan 150 ko 200 da zai ɗauka kafin ya ba da amsa. Yawancin na'urorin da mutane ke haɗa wa kansu a kan Arduino suke, wata 'yar ƙaramar kwamfutar haɗe-haɗe mai gudun megahaz 16, kuma a natse suke tambayar aisin. Wanda tsufa ya sa shi nawa zai amsa musu daidai, amma ya kasa in kwamfutar ta matsa masa.

Tsarin tambayar ma abin dubawa ne. A cika aisi da sifili a karanta, a cika shi da ɗaya a karanta, wannan ba zai kama matsalar adireshi, wato lambar da ake nemo kowane ɗaki da ita, ba: in ɗakuna biyu sun zama ɗaya, abu guda aka zuba musu, abu guda za su mayar. Gwajin kirki yana bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya karanta, ya juya abin da ke ciki, ya hau har ƙarshe sannan ya sauko. Kafin in sayi na'ura yanzu, wannan nake fara tambaya, ba kyan allonta ba. Retro Chip Tester Professional na Stephan Slabihoud daga Jamus ya yi suna wajen yawan ire-iren aisin da ya sani, amma ko shi ba ya ɗauke wa mutum mayar da aisin cikin kwamfutar a bar ta ta yi zafi.

Wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne aisin 4116, wanda guda takwas irinsa ke riƙe kilobait 16 na farko na ram ɗin Spectrum. Wuta uku yake ci: bolt 12 a ƙafa ta 8, bolt 5 a ta 9, da -5 a ta 1. Wannan -5 ɗin ita ya kamata ta fara zuwa, ta kuma zama ta ƙarshen tafiya. In babu ita aisin na iya ƙonewa. Shi kuwa 4164, duk da kamanninsu ɗaya, bolt 5 kawai yake so a ƙafa ta 8. Ka dasa shi a soket ɗin 4116 na na'urar gwajin, bolt 12 ta shige shi, shi ke nan, na'urar da aka sayo don ceto ta yi kisa.

Ban kuma yarda a kama cire aisi takwas daga fanel, wato farantin da aka liƙa su a cikin kwamfutar, mai shekara arba'in don kawai ana da abin gwaji ba. Layukan tagullar nan ba sa jure zafin narka dalma, ɗagowa suke yi. A fara sa mita a auna wutar da ke shiga. A Commodore 64 akwai katirij ɗin Dead Test, ɗan akwatin gwaji da ake jonawa a jikin kwamfutar, wanda ke walƙa farin haske a allo, yawan walƙiyar na nuna aisin da ake zargi. Zargi ne fa kawai, don aisin 74LS257 biyun da ke miƙa wa ram adireshi in sun lalace sukan jawo masa baƙin jini alhali ba ruwansa.

Akwai ma inda na'urar ke cewa aisi ya lalace, gaskiya ta faɗa, amma jefar da shi asara ce. Don rage tsada, kamfanin Sinclair ya cika sauran kilobait 32 na ram ɗin Spectrum ta 48K da aisi takwas na TMS4532 ko MSM3732, waɗanda asalinsu 4164 ne da rabinsu bai ci jarrabawar masana'anta ba. Alamar ƙarshen sunan, 3 ko 4 a na farkon, L ko H a na biyun, ita ke faɗin rabin da ke aiki, kuma akwai 'yar gada a fanel da ke zaɓarsa. In ka gwada su a matsayin 4164 za su iya faɗuwa, alhali tun asali haka suke aikinsu. Sai ka zaɓi ainihin lambarsu a na'urar in tana da ita, kuma in za ka maye gurbin ɗaya da irinsa, ka tabbata rabinsa mai rai ya zo ɗaya da na sauran bakwai ɗin.